Yadda Za Ka Zama Mugun Boka Mai Tashin Matattu Duk da Tarbiyyar da Aka Yi Maka

Na san damuwarka. A wasan nan na kwamfuta da kuke yi da abokanka, ka ƙera boka mai tashin matattu, amma ma'aunin muguntarsa ya ƙi motsi. Dogo, shugaban tawagarku, ya rantse in bai yi ja ba kafin ƙarshen mako zai cire ka ya sa wani. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari tawagarku za ta samu mugun da take nema.

1. Gyara masa fuska

Goge murmushin nan. Sa masa tabo, zurma masa idanu, ba shi baƙar riga mai jan ƙasa. Idan ka gama ka ga ya yi kama da shugaban ofishinku, kada ka damu, haka kowa yake yi.

2. Daina neman afuwa a maƙabarta

An gaya mini kafin ka tashi gawa sai ka ce da ita ta yi haƙuri. Wane irin abin kunya ne wannan? Ɗaga sanda kawai ka danna. Masana sun tabbatar ƙwarangwal ba ya riƙon mutum a zuci, don ba shi da ita.

3. Koyi aiken na gaba da kai

Nan ne akasarin 'ya'yan kirki suke faɗuwa. Ka tashi ƙwarangwal ɗin wani tsohon sarki, sai nauyinsa ya kama ka, ka kasa tura shi yaƙi. Ƙarshenta kai ne a gaba kana shan sara, shi yana bayanka yana hutawa, har kayansa kai kake ɗaukar masa. Dogo yana ganin komai, kuma ransa yana ɓaci.

4. Tsohuwa mai akuya

A ƙofar ƙauye akwai tsohuwar da ke roƙon a nemo mata akuyarta. Mugu cinye akuyar yake yi. Kai ka mayar mata, ka gyara mata katanga, ka ƙi karɓar lada. Share wannan, sake daga farko. Na san za ka sake mayar mata.

5. Kada ka ɓoye allo idan Umma ta shigo

Za ta shigo falo da kwandon wanki, ta tsaya a kanka, ta tambaye ka su wane ne waɗannan ramammun da suke tsaye ba aikin komai. Gaya mata gaskiya: yaranka ne, aike suke jira. Za ta ajiye kwandon.

"Kana da masu aike har haka, kai kake ɗaukar kaya? Matsa."

6. Matsa ɗin

Nuna mata inda ake dannawa, ka yi shiru. Matar da ta taɓa kiranka daga bakin titi don ka miƙo mata rimot ɗin da ke gefenta ba ta buƙatar darasi. Za ta tura tsohon sarki ɗebo itace. Za ta karɓi akuyar ta ce za ta ajiye wa tsohuwar, kuma kai ka san ma'anar wannan ajiyar. Kafin wankin ya bushe, ma'auni ya yi jajir.

Wayarka za ta yi ƙara. Dogo ne, cike da murna, yana cewa bai taɓa ganin shugabanci irin wannan ba. Daga nan zai sassauta murya.

"Don Allah ka gaida Umma. Ka tambaye ta ko tana da lokaci gobe."

Gargaɗi: alkawarin mugu na yi wa tawagarku, ban ce kai ne ba. Babu ruwana da kujerarka da ka rasa, ko zafin da za ka ji a rai idan ka ji abokanka suna kiranta shugaba. Yanzu tashi, ta ce ka je ka kwashe shanya.