Goyon da Ya Ƙi Sauka

Jama'a, yau na sha ruwan sanyi a ofishin manya, cikin kofin gilashi, har da ɗan faranti a ƙarƙashinsa. Rabin kofi dai, don an ɗauke sauran kafin in ƙarasa. Bari in ba ku labarin a hankali. Ni mai faci ne, kuma mai facin da ya yi gaggawa sau biyu yake cire taya.

Rumfata tana kallon ƙaramin asibitin unguwarmu. Tun matata na ɗauke da cikin fari aka zo aka kwashe rufin ɗakin haihuwa, wai za a sa sabo. Aka kafa allo da hoton Mai Girma Gwanin Yanka Ƙyalle yana murmushi, a ƙasa aka rubuta da jan fenti: ONGOING. 'Yarmu ta fari a kujerar bayan tasi aka haife ta, a layin mai, don direban ya rantse in bai sha ba ba za mu kai babban asibiti ba. An dai sauka lafiya. To ga ciki na biyu ya tsufa, haihuwa yau ko gobe, ɗakin kuwa har yanzu sama ce rufinsa.

An ce zuwa da kai ya fi aike. Na yi ta zuwa ofishin masu kula da aikin. Da Hausa nake sallama, da Hausa mai gadi ke ce mini Yallaɓai ya fita. Sai maƙwabcina, wani tsohon malamin makaranta da muke kira Baba Ƙamus, ya ce, "Ɗana, manyan nan kunnensu na Hausa ya toshe tun ranar da aka gama ƙidayar ƙuri'a. Sai da Turanci, kuma mai nauyi, ba na kam da go ba."

Da tsohuwar zuma ake magani. Kullum ya kawo kekensa in sa masa iska, sai ya bar mini kalma ɗaya da ma'anarta. Ya ce rihabiliteshan shi ne a gyara abu ya dawo yadda yake. Na ce, "Baba, ai faci ke nan." Ya ce, "Faci ne, amma wanda ya je jami'a." Ya ce pendin shi ne a dakata. Sannan ya ba ni tagwaye: iminent, abin da ke gab da faruwa, da eminent, mutum mai babban matsayi. "Ka kiyaye," in ji shi, "wasali ɗaya ne tsakaninsu." Ni da ban gama firamare ba, wasali ɗaya ai kamar ƙusa ce a taya, ba ka ganinta sai ta sace maka iska.

Yau da safe na sa rigar da ba ta taɓa ganin baƙin mai ba, na tafi. Na yi wa mai gadi gud monin, ya matsa. Na tarar da sakatariya tana latsa waya, ko ɗago kai ba ta yi ba. Na gyara murya na ce, "Mai waif is eminent."

Wallahi miƙewa ta yi. Kujera ta zo, ruwan sanyi ya zo, Yallaɓan da kullum ya fita sai ga shi ashe yana ciki. Aka shigar da ni har da kofina. Ya ba ni hannu mai laushi kamar sabon tub na taya, ya ce, "Madam 'yar wane gida ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, 'yar gidan mai gyaran rediyo ce, na bayan kasuwa."

Ya dubi sakatariya, ta dube ni. Na ce, "Cikinta ne ya tsufa, ranka ya daɗe. Maganar rufin ɗakin haihuwa ce ta kawo ni."

A nan kofin ya bar hannuna. Ban ga laifin sakatariya ba, ruwan eminent ne, ni kuwa na iminent ne ya kawo ni. Yallaɓai, Allah Ya ƙara masa sanyin ofis, bai kore ni ba. Agogonsa kawai ya duba ya ce, "Aikin is ongoing," ya nuna mini ƙofa da biro. Irin wannan tarbiyya sai manya.

Na dawo gida na tarar da Baba Ƙamus a ƙofa, matata tana zaune kan tabarma tana ninke kayan jarirai. Na ba su labari, ya gama yi mini dariyar wasali, sannan ya ce ongoing na nufin aiki yana tafiya.

Matata ta ce, "Baba, da girmanka, yau ƙamus ɗinka ya yi kure. Ai Hausa ce suka rubuta. An goya. Goya aikin suka yi."

Ya ce, "'Yata, Turanci ne fa."

Ta ce, "To ka taɓa ganin goyo yana tafiya? Mai goyon ce ke tafiya, shi yana baya yana barci."

Baba Ƙamus ya cire tabarau ya goge. Ni kuwa na hau tunani. Lallai masu goyon sun yi tafiya: motar Yallaɓai ta canja, ɗan kwangila ya ƙara bene. 'Yarmu da ta zo duniya lokacin da aka kafa allon nan tuni an sauke ta, an yaye ta, yanzu ita ke kwashe mini sifana tana gudu. Sa'anta kuwa, aikin rufin, yana nan a baya, ko rarrafe bai fara ba.

Da yake ba na son ilimina ya tafi a banza, sai na ce mata a hankali, "To ko za ki ɗan yi pendin, har su gama?"

Matashin kai ta jefo mini. "Je ka faɗa wa na cikin! Ni iminent ce, kuma ka riƙe wasalinka da kyau."

Don haka na koma wajen direban tasin nan. Mun shirya: ni zan riƙa kula da tayoyinsa, shi kuma kada tankinsa ya kwana babu mai har sai an sauka. Wannan kwangilar ba allo, ba hoto, kuma ta fara aiki tun yau.

Ku kuma masu girma, Allah Ya ja zamaninku, ba mu ce kun yi laifi ba, goyo ai ƙauna ce. Amma in bayan ya gaji, a kwance zanen a sauke mana shi. Matan unguwarmu sun iya yaye.