Yadda Haladu Mai Faci Ya Kamo Mafarkinsa na Farko

Amma ba'adu, ku kasa kunne ku ji tarihin Haladu ɗan Barmo, ɗan Cindo mai gishiri, ɗan Nomau wanda aka ce ya taɓa hango kura daga nesa bai suma ba. Tsatson mazajen da ba a taɓa jin sun juya wa akushi baya ba. Shi ne Haladu mai faci na bakin tashar Kazaure, toron giwar gindin darbejiya, dodon ƙusa, maganin taya mai taurin kai, wanda in ya ɗaga guduma tayar tirela kan yi ajiyar zuciya.

Duk da wannan nasaba, akwai miki a zuciyar gwarzon. A majalisarmu ta bayan la'asar kowa da fanninsa, wani siyasa, wani ƙwallo, wani maganin basir, amma da Haladu ya buɗe baki sai a ce, "Kai dai je ka hura taya." Ana nan, wata rana Mamuda, tsohon direban da ya zaga duniya har Agadas, ya fassara wa wani fasinja mafarki, jama'a suka yi tsit suna gyaɗa kai. Nan take himma ta motsa a ƙirjin Haladu, ya ɗaura ɗamarar zama masanin ta'abiri. Mamuda ya danƙa masa makamai: fari alheri ne, kore arziki, maciji maƙiyi. "Amma ka fara da naka," in ji shi, "kafin ka taɓa na mutane."

To, a nan gizo ke saƙar. Haladu mutum ne da in ya sa haƙarƙari ƙasa sai ka ce dutse aka jefa rijiya, bai taɓa farkawa da ko ƙyallen mafarki a hannu ba. Saboda haka ya ƙudura kai wa abokin gaba hari da rana tsaka, lokacin da bai shirya ba. Farmakin farko rundunar ƙudaje ta tarwatsa shi. A na biyu ya isa bakin ganuwar barci ke nan, wani ɗan acaɓa ya turo babur yana neman iska. Bai karaya ba, don karaya ba ta cikin gadon gidansu. Ran Laraba, da ya dawo daga kasuwa, ya ɗirki fura har ciki ya ɗaure kamar ganga, ya miƙe bisa benci, ya ja hula ya rufe fuska, ya yi kururuwar yaƙi: "Yau ko ni ko kai!"

Allah mai iko, sai ga shi. Tsakanin barci da farkawa ya ga wani farin rago mai murɗaɗɗen ƙaho da kwarjinin manya, ya taho cikin natsuwa ya tsaya dab da ƙafafunsa, yana cin wani ganye kore shar, yana dubansa da ido irin na mai albishir. Haladu ya cafke mafarkin kamar wanda ya kama ɓarawo, ya yi zumbur, takalmi ƙafa ɗaya, ya nufi majalisa yana ihu: "Na kamo shi! Na kamo shi!"

Ya tsaya a tsakiyarmu, ya yi gyaran murya, ya warware: farin rago babban baƙo ne mai daraja, koren ganye kuwa arzikin da zai sauka gidansa kafin faɗuwar rana. Mu kuma, masu ganin kanmu da wayo, muka kaure da kabbara. Aka matsa masa a tabarma. Mai maganin basir har ya soma zayyana masa nasa mafarkin, yana kiransa Malam.

Haladu ya doshi gida da takun wanda ya ci gari da yaƙi. A zaure ya tarar da surukinsa, Baba Jatau, cikin farar riga, ya taso tun daga Roni. Rabin fassara ya tabbata! Ya manta sarai cewa tun da safe matarsa Hansai ta gaya masa tsohon na tafe. Ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, ya faɗa cikin gida zai yi albishir, sai ta tare shi da muciya a hannu.

"Baban Ladidi, ina alayyahon da na ce ka sayo? Tun azahar ruwan miya ke tafasa, ga Baba ko loma bai kai baki ba."

Sai a sannan ya tuna da ƙunshin da ya tura ƙarƙashin benci. Ya koma a guje, ya iske leda a yage, 'yan karare a warwatse, ga kuma farin ragon mai shayin tasha kwance a inuwa yana tuƙa.

Baba Jatau ya ci tuwonsa da miyar kuka tsura, 'yarsa na ba shi labarin tiryan-tiryan, gwarzon na durƙushe a bakin ƙofa. Da tsohon ya wanke hannu, ya dube shi ya ce, "To Malam, yanzu mece ce fassarar?"

Haladu ya sunkuyar da kai. "Baba, rago ne ya cinye alayyahon raggo."