Tsinken Awon Ƙafar Kaka

"Lafiya lau, maigida. Ya kasuwa? Ko can ka tsaya kallon 'yan mata, ka bar uwargidanka ba takalmi?"

Kaka ce ke magana daga bakin gadon ɗakin baƙi, ƙafafunta biyu cikin robar ruwan ɗumi. Kwana da wuni suka yi a mota kafin su iso bikin jikarta Auta, wadda ta raina tun rasuwar uwarta. Zaman motar ya kumbura mata ƙafafu, har takalmin da ta ɓoye wata biyar a ƙasan akwati ya ƙi shiga. Ga kiɗa ya fara tashi a tsakar gida, ga dangin ango sun aiko sau biyu cewa idan amarya ta fito fili, babbar danginta suke so ta taka mata rawa. Shi ya sa ta karyo tsinken tsintsiya a matsayin awon ƙafa, yadda ta saba aike tun tana yarinya, ta ba jikanta Dogo, yayan amaryar, ya sayo wani.

Dogo ya ajiye leda a kan gado. "'Yan matan garin nan guduna suke yi. An gaya musu ina da tsohuwa mai cizo da dasashi."

"Haƙora uku gare ni, kuma duk suna aiki. Buɗe in gani."

Ya buɗe. Farin kambas ne, irin na masu guje-guje, har da igiya.

"Waɗannan kwalekwalen fa? Kogi za mu ƙetare?"

"Takalmin amaryata ne."

"Ina tsinken da na ba ka?"

"Na yi sakace da shi a hanya."

"Allah ya isa tsakanina da kai, mijin banza. Mijin da ko akuya bai taɓa ɗaure mini ba."

"To gaskiya na kai wa mai takalma. Ya juya shi, ya dube ni, ya ce ajin yarinyar nawa a firamare."

"Ƙafata ke nan tun ina budurwa. Saboda ita kakanka ya yi shekara yana sintiri a ƙofar gidanmu."

"Kakana bai gan ta yau ba, da ta tashi kamar burodi."

Kaka ta yi tsaki, ta kawar da kai. Ta san abin da ta yi. Da tsohon takalmin ta auna tsinken, ba da ƙafar ba, sannan ta ƙara gutsure kansa don kada a raina ta a kasuwar mutane. Amma ba girman takalmin ne ke cin ranta ba. Tun da santsi ya kwashe ta a banɗaki bara, ba ta ƙara yin taku goma babu sanda ba. Da safe kuwa ta leƙa tsakar gidan, ta ga tayil ne yana sheƙi kamar an shafa masa mai. In ta shiga ta faɗi, har abada za a riƙa cewa bikin da tsohuwa ta kife. In ta ƙi shiga, Auta za ta waiga gurbin uwarta ta ga ba kowa.

Dogo ya zaro tsinke biyu daga aljihu ya jera su a tafin hannu. Ɗaya ya ɗara ɗaya da yatsa biyu.

"Wannan naki ne, na ƙarya. Wannan kuma da kika yi gyangyaɗi ɗazu na zaro daga tsintsiyar, na auna ƙafar gaskiya."

"Ɓarawon ƙafa. Mace na barci kana lalube ta."

"Ai matata ce. Kai ni ƙara."

Aka sake ƙwanƙwasa ƙofa, wata murya ta ce amarya ta fito. Kaka ta dubi jikanta. Ta rage murya.

"Dogo, in na faɗi fa?"

Rabon da ta kira shi da sunansa har ya manta. Ya durƙusa, ya ciro ƙafarta daga ruwa yana goge ta da tawul.

"In kin faɗi sai in faɗi kusa da ke, mu ce sabon salo ne daga garinmu. Amma ba za ki faɗi ba. Ƙasan takalmin roba ne. Har ruwa na zuba a tayil ɗin shagon na gwada shi, saura kaɗan mai shagon ya kore ni."

Ya saka mata takalmin, ya ɗaure igiyar, ya ja mata zani ƙasa ya rufe. Suka fita, sanda a dama, Dogo a hagu.

Mata sun yi da'ira, suna buga ƙafa sau biyu su juya kafaɗa, makaɗa na bin su. Ba irin rawar da Kaka ta sani ba ce. Ta tsaya a gefe tana ƙirga takun da haɓa, gumi na bin bayanta. Can ta hango Auta a tsakiya tana waige-waige. Kaka ta ɗora ƙafa ɗaya a tayil, ta murza. Ƙafar ta kama daram. Ta murza ɗayar, sai kafaɗarta ta fara amsa gangar da kanta.

"Uwargida, a hankali. Kwalekwale ne fa."

"Rufe mini baki, direban kwalekwale."

Ta yi dariya har haƙoran nan uku suka bayyana, ta cusa masa sandar a hannu.

"Ungo tukwicinka. Ka fi ni bukatarta, tunda kai ko rawar ba ka iya ba."

Ta tattare zani, kambas ɗin ya fito fari ƙal kowa na gani, ta nufi Auta.