Bindigar Dachung Mai Harsashi Ɗaya

"Duk faɗin Filato babu bindiga mai irin bakin tawa!" Haka Dachung yake faɗa kullum a teburin mai shayi a Bukuru, yana bubbuga ƙugu kamar wanda ya ci yaƙi. Malam, in ka ji shi sai ka rantse tsohon soja ne, alhali tsohon masinja ne, ko kaza sai ya rufe ido yake yankawa.

Bindigar kuwa 'yar ƙarama ce ta hannu, wani Baturen kuza ya bar wa kakansa, da kubenta na fata mai kyau. Amfaninta a bakin Sarkin Cika Baki ba ya ƙirguwa. Wai ba mai zuwa roƙon harsashi, don nasa ba ya shiga bindigar kowa, na kowa ba ya shiga tasa. Wai ko ɓarawo ya sace ta, wahala ya sata. Abin da bai taɓa faɗa ba shi ne, harsashi ɗaya tak Baturen ya bari.

Ana nan sai unguwa ta tashi zaɓen shugaban 'yan sintiri. Dachung ya ƙwallafa rai, har ya ɗinka kaki. Abokin takararsa Gyang ne, manomin dankali, wanda ba shi da komai sai gora da usur. Mai unguwa ya ce ran Asabar kowa ya zo fili ya nuna abin da ya iya.

Nan fa Dachung ya shiga neman ƙarin harsashi. Ya lallaɓa shagon Emenike mai kayan gyaran mota, wanda ake cewa ko nonon kura ka nema zai samo. Emenike ya leƙa bakin bindiga ya girgiza kai.

"Oga, wannan bindiga naka, ko Onitsha babu abincinsa."

Dachung bai daddara ba. Ya samo wani siririn harsashi wurin wani maharbi, ya nannaɗe shi da salatif ya cusa. Yana sunkuyar da bindigar abin ya zame ya faɗa kwata. Matarsa Magadaliya ta ce ya rufa wa kansa asiri ya janye, ya ce ai mata ba su san harkar makami ba.

Ran Asabar Gyang ya busa usur, samari suka fito ta kowane lungu da sanduna, aka tafa. Dachung ya ɗora gwangwanin madara a kan dutse, ya sa harsashin gado, ya runtse ido ya danna. Wallahi ta tashi! Ƙarar ta kori akuyoyi har bakin titi. Gwangwani dai yana nan lafiya lau, amma tankin ruwan Magadaliya da ke jikin gidansu can gefen filin ya fara fitsari.

"Gwaji ne wannan," in ji Dachung, yana hura bakin bindiga.

"To madalla," in ji mai unguwa. "Sake."

Dachung ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya duba sama. Gyang, don tsabar kirki, ya ce ko a aro masa wurin maharba? Jama'a suka amsa baki ɗaya cewa ai na kowa ba ya shiga tasa, shi ya faɗa da bakinsa. Aka ba Gyang shugabanci, kakin ma aka ce ya ba shi aro.

Washegari Dachung da matarsa suna coci ɓarayi suka shiga gidan da rana tsaka, tunda yanzu duk Bukuru an san abin da ke cikin bindigar. Suka kwashe talabijin, janareto, har da tukunyar miya. Da suka dawo, Dachung ya ruga ɗaki yana kururuwar an sace gadon kakansa, sai ga ta a kan matashi, an ajiye ta a hankali. Kuben kawai suka zare.

Magadaliya ta ɗauko ta ta miƙa masa.

"Maigida, yau kam na yarda da maganarka. Ko ɓarawo bai ga abin da zai yi da ita ba."