Ranar da Kwamfutata Ta Rina Alhaji

Abubuwan kunya da yawa sun same ni na manta, amma ba zan taɓa mantawa ba da bazarar da na yi niyyar shayar da kwamfuta ruwa a Anka.

Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa garinmu ba, ni kuwa ina da ɗan shago kusa da tasha, da kwamfuta ɗaya da firinta ɗaya, ina buga wa mutane katin ɗaurin aure da takardun neman aiki. Ana ce mini Injiniya (ban karanta injiniyanci ba, amma ban taɓa hana kowa faɗa ba). Matsalata ɗaya ce, zafi. Da rana ta take, kwamfutar sai ta yi ta gurnani kamar tsohuwar akuya, daga nan ta ɗauke ɗif, in bar mai aiki tsaye ina yi mata fifita da kwali.

Wani abokina Sanusi, da ke sayar da tsofaffin kwamfutoci a Kaduna, shi ya ɗora ni a hanya. Ya ce a ƙasashen waje da ruwa ake sanyaya su, kamar mota. Ya aiko mini da wani ɗan ƙarfen tagulla mai ƙofa biyu da ake ɗorawa a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ɗan lagireto, da siririn tiyo. Ya ce saura famfon da zai juya ruwan da tankin da zai riƙe shi, waɗannan in nema da kaina. A hoton da ya haɗo mini, ruwan shuɗi ne shar, yana zagayawa gwanin sha'awa.

Na tafi Gusau neman famfo. Mai shagon ya ajiye mini guda biyu. Ɗaya ɗan mitsitsi ne, bai fi kwalin ashana ba, irin wanda ake sa wa gidan gilashin kifi. Ɗayan kuma jibgege ne, na tura ruwa zuwa tankin saman bene. Ni da na tashi ina ganin injin ban ruwa a fadama, na dubi ƙaramin na ce wannan ko kaza ba zai shayar ba, balle kwamfuta a zafin Anka. Mai shagon ya ce maganata dutse, babban mutum sai babban kaya. Na ɗaure jibgegen a bayan babur na dawo gida ina jin kaina.

Batun tanki ya fi cin tunani. Bokiti ba shi da mutunci. Jarka kuma tana ɗaukar zafi. Ina zaune tsakar gida na ɗebi ruwa a randar Inna, na ji sanyinsa har cikin haƙori, sai na ce shi ke nan, na gano abin da Turawa ba su gano ba. Da na roƙe ta randar, sai ta dube ni ta ce:

"Wai na'urar taka ƙishirwa taka ji?"

Na yi mata bayani mai tsawo. Ta ce ita dai ba ta gane ba, amma in ɗauki ƙaramar, kuma in tabbata ta dawo da ranta.

Na kafa randar a kusurwar shago, na haɗa tiyon famfon, mai kauri kamar damtse, da siririn tiyon nan da bai fi ɗan yatsa ba. Inda suka ƙi haɗuwa na naɗe da robar tayar keke. Na juye bular wanki a ruwan, ba kaɗan ba, don ya yi kama da na hoto. Da na gwada, abin ya yi aiki lafiya lau. Ruwa yana zagayawa a hankali, kwamfuta ta yi shiru kamar amarya. Abin da ban lura ba shi ne, a kwanakin nan rabin wuta NEPA ke kawo mana, irin wadda ƙwan lantarki ke yin ja kamar garwashi. Ashe famfon nan barci yake yi.

To, a lokacin ina neman auren wata yarinya 'yar Gummi, Hadiza. Waliyyinta yayan mahaifinta ne, Alhaji Mamman, dattijo mai ƙarancin magana, wanda in ya ce a'a, magana ta mutu. An gaya masa ina da sana'a, ya ce shi bai san wata sana'a da ake yi a zaune ana danne-danne ba, sai ya gani da idonsa. Wata Asabar ya zo ɗaurin aure Anka, ya biyo ta shagona kafin a taru. Farar shadda ce a jikinsa, sabuwa dal, tana ƙara in ya motsa, ga farin rawani, ga farin gemu.

Na durƙusa na gaishe shi, na goge masa kujera. Da na yi shiru na buga masa sunansa a takarda, da an rabu lafiya. Amma ina! Na jawo kujerar tasa dab da kwamfuta, na buɗe mata ciki, na shiga lacca. Na ce duk yankin nan, daga Bukkuyum har Gummi, babu mai irin wannan. Na ce ni na ƙirƙiro haɗa ta da randa. Ya leƙa randar, ya leƙa kwamfutar.

"Wanga ruwa, in ya zube hwa?"

"Ba ya zubewa, Baba," na ce. "An yi lissafinsa."

Babu wuta ranar, don haka na fita na tayar da janareto. Na dawo, na gyara hula, na danna makunni.

Famfon ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ya yi ba, har randar na rawa. Na ga siririn tiyon ya kumbura, ya miƙe tsaye kamar gamsheƙa. Kafin in ce wani abu, robar keken ta tsinke. Ruwan bai nufi bango ba, bai nufi ƙasa ba, bai ma nufe ni da na jawo shi ba. Ƙirjin Alhaji ya nufa.

Mai hankali zai kashe makunni. Ni kuwa sai na yi tsalle na cafke tiyon famfon don in kare surukina, da haka na ɗaga shi daga ƙirji zuwa gemu, daga gemu zuwa rawani, kamar mai ban ruwan albasa. Sauran ruwan ya faɗa cikin kwamfuta, ta yi tartsatsi, ta saki hayaƙi, ta yi shirun da ba ta sake tashi daga gare shi ba. Ba ni na tsayar da famfon ba, randar ce ta ƙare.

Alhaji bai motsa ba. Yana zaune, hannuwa a kan gwiwa, shuɗin ruwa na ɗiga daga gemunsa. Na wawuri tsumma na shiga goge masa gaban riga ina "sannu Baba, ku yi haƙuri Baba." Sai da na yi nisa na gane tsumman da nake share baƙar hodar firinta da shi ne. Yanzu rigar ta zama kala uku.

Ya riƙe mini hannu a hankali.

"Bari haka nan, ɗana. Ka yi ƙoƙari."

'Yan acaɓan tasha sun riga sun cika ƙofar shago, babu mai dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Na ruga gida na ɗauko rigata ta Sallah. Alhaji dogo ne, ni kuwa Allah bai ba ni tsawo ba, rigar ta tsaya masa a gwiwa. Haka ya tafi ɗaurin auren mutane, da rigar aro da gemu mai ruwan sararin samaniya.

Na kwashe makonni ban taka Gummi ba. Na sallama Hadiza, na sallama kwamfuta, har na fara tunanin komawa gona. Sai ga saƙo wai in turo magabatana. Daga baya Hadiza ta ba ni labarin yadda aka yi. Da Alhaji ya koma, dangi suka taru suna tambaya ko yaron yana da sana'a. Ya ce yana da ita, kuma ya iya ta, marini ne. Ya ƙara da cewa duk wanda ya yi wannan ɓarna bai gudu ba, ya tsaya yana gogewa, zai iya zama da mace.

An ɗaura aure bayan damina. Yau 'ya'yanmu sun girma, amma a gidan surukaina babu wanda ya san Injiniya. Ko jikokin Alhaji, da ba a haife su ba a lokacin, Baba Marini suke ce mini, ina kuma amsawa.

Abin da na koya bai da yawa. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki, kuma da kwamfuta suke ko ba su sani ba. Sannan duk fasahar da mutum zai gwada, ya fara gwada ta a gaban abokansa, su da dariyarsu ke ƙarewa kafin la'asar.