Mamatan da Suka Ƙi Barin Kwamfuta

Ni ke kula da rumbun bayanan ƙungiyar manoma a Ƙanƙara, kuma ba na son a koya mini aikina. Ƙwaƙwalwar kwamfutarmu kaɗan ce, sai na matse ɗan sashen da ke tuna mata guraben da aka share don a sake cika su, na ce ɓarnar wuri ce.

Bayan kaka muka goge sunayen manoman da suka rasu, daga Mabai har Damari. Gurabensu suka ƙi karɓar kowa. In sabon suna ya shigo, sai ya tsallake su ya koma can ƙarshe, kamar mai gudun taka kabari. Muna gogewa, rumbun yana kumbura.

Hajiya sakatariya ta ja kujerarta baya. "Malam, mutanen ga ba su tafi ba."

Ni da kaina na kirawo liman. Ya yi tofi, aka turara ofis. Ana cikin hayaƙin na tuna sashen da na matse, wanda shi ya sa kwamfutar ta manta da guraben, kuma bakina ya riga hankalina faɗa a gaban kowa.

Har yau in na shiga kasuwa sai a ce, "Mai gadin maƙabarta, mutanen naka sun kwana lafiya?"