Bajimin da Na Saka wa Kifayen Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya dawo daga Umra ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen unguwarmu ta Zongo ba za su bar ni ba.

Ni dillalin shanu ne, ɗan dillalin shanu, jikan dillalin shanu. In na ɗora hannu a bayan sa, zan faɗa maka abin da ya ci jiya. Surukina kuwa, Alhaji, tsohon mai motocin jigila ne da ya ajiye aiki ya rungumi kiwon da ban taɓa ganin amfaninsa ba, wato kifin ado. Akwatin gilashi ne ɗan madaidaici a falonsa, da ciyayi da duwatsu da wata 'yar tukunyar ƙasa a kwance a ciki, da ƙaramin injin da ke busa kumfa. Kifayen ƙanana ne masu jela ja da shuɗi, ba wanda ya kai ɗan yatsana. Ba a ci, ba a sayarwa, ba a yanka su ranar suna. Kallo kawai! Bayan la'asar zai ja kujera ya zauna gabansu yana murmushi shi kaɗai.

Shekara shida ina auren 'yarsa Salamatu, amma ko aiken sayen goro Alhaji bai taɓa ba ni ba. Wai bakina ya fi hannuna sauri. (Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma abin yana ci mini rai.) Saboda haka ranar da ya kira ni ana jibi zai tashi shi da Hajiya, ya miƙo mini makullin falo, wallahi ji na yi kamar an naɗa mini rawani.

Ya ce, "Abinci sau ɗaya a rana, ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka. Kada ka ƙara komai, kada ka rage komai. Mako uku ne kawai."

Na ce, "Baba, ai dabba ka bar wa mai dabba. Ka tafi hankali kwance."

To, a gidanmu abin kunya ne a ba ka amanar saniya ka mayar da ita yadda aka ba ka. Sai ta yi ƙiba, in da hali ma da ɗan maraƙi a bayanta. Da na tsaya gaban akwatin nan washegari, idon sana'a ya nuna mini aibu biyu. Na farko, duk ramammu ne. Na biyu, garken ba shi da bajimi. Kowa yana yawonsa, wannan ya yi gabas, wancan ya yi yamma, babu babba mai tsawatarwa. Na ce Allah sarki Baba, mota ya sani, bai san kiwo ba.

Na tare ɗan acaɓa, wanda muke kira zem, ya kai ni unguwar Saint-Michel, wurin wani mai sayar da kifin ado, ɗan ƙabilar Fon ne mai jin Hausar kasuwa. Na ce babban kifi nake so, mai ƙirji.

Ya ce, "Patron, akwatin lita nawa ne?"

Na ce oho.

"Wane iri ne a ciki?"

Na ce, "Ƙanana dai, masu kwalliya."

Mutumin nan ya zaunar da ni ya yi mini bayani tsakani da Allah. Ya ce ƙaramin akwati kifi kaɗan yake ɗauka, in an cika shi ruwa ya ɓaci su galabaita. Ya ce ba kowane kifi ke zama da kowane ba, sai girmansu ya zo ɗaya, halinsu ya zo ɗaya, kuma duk kifin da bakinsa zai iya ɗaukar maƙwabcinsa, to zai ɗauka. Ya nuna mini wasu 'yan mitsi-mitsi ya ce in dole sai na ƙara, in ɗauki biyu daga nan.

Ni kuwa na dube shi sama da ƙasa na ce, "Ni za ka koya wa dabba? Kana cikin zanin goyo nake haɗa bijimin Borgu da na Nijar a mota ɗaya." Na kakkaɓe rigata na fita. (Har yau in hanya ta bi da ni ta gaban shagonsa, juyar da kai nake yi kamar ina amsa waya.)

Can kasuwar Tokpa-Hoho na samu abin da raina ke so, wurin matan da ke sayar da tarwaɗa mai rai a cikin baho. Na zaɓe shi yadda nake zaɓen sa: faɗin kai, kaurin wuya, da kuzari. Tsawon tafin hannuna ne, baƙi sumul, ga gashin baki kamar tsohon jandarma. Na jefa masa guntun burodi ya haɗiye kafin ya taɓa ruwa sosai. Na ce alhamdu lillahi, mai ci shi ne mai lafiya.

Da na sake shi a akwatin, ƙananan nan suka tattaru wuri ɗaya a lungu, suka yi cirko-cirko. Na kira Salamatu na ce, "Zo ki ga tarbiyya! Yau ɗaya har sun haɗa kai."

Ta leƙa ta ce, "Maigida, anya haɗin kai ne wannan? Ni tsoro nake gani. Kuma Baba ya ce kada a ƙara komai."

Na ce mata harkar kiwo ba ta mata ba ce. Daga nan na shiga turka, wato ɗura musu abinci su yi ƙiba. Abincin gwangwanin Alhaji na ture shi gefe, na koma zuba dusa safe da yamma. (Na so in saka 'yar kanwa ma, Salamatu ta ɓoye ta. Allah ya saka mata da alheri.) Cikin kwana huɗu ruwa ya yi kauri kamar kunun tsamiya, ba ka ganin komai sai inuwar bajimina tana gilmawa.

Sau biyu tana tambayata, "Ka ƙirga su kuwa?" Ni kuma na gaji camfin nan na kakanni, wai ba a ƙirga garke, albarka ce ke gudu. Na ce mata ido ya gani, zuciya ta gode, shi ke nan.

Ranar da su Alhaji za su sauka, Salamatu ta matsa mini na sauya rabin ruwan, na goge gilashi, kuma ban zuba dusa ba don kada ya sake gurɓacewa. Na ga kamar wurin ya yi fili, amma na ce suna cikin ciyayi suna kunyar baƙi. Na samo sabon zane na lulluɓe akwatin, don ina so abin ya zo wa Alhaji ba zato.

Bayan azahar falo ya cika maƙil. Abokan Alhaji, maƙwabta, dangi daga unguwar Agla, ana ta rabon dabino da zamzam. Na miƙe na gyara murya. Na yi jawabi, jama'a, jawabi na yi! Na ce Baba ya bar mini garke ba shugaba, na yi masa gyaran da masana kiwo kaɗai ke iyawa. Sannan na yaye zanen.

Kowa ya miƙa wuya yana leƙe.

Alhaji ya sa tabarau ya matso. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya leƙa bayan ciyayi. Ya ce a hankali, "Goma sha takwas na bari. Huɗu nake gani."

Na buɗe baki zan ce sauran suna hutawa, sai ga bajimina ya fito daga 'yar tukunyar nan, cikinsa tirtsitsi, ga yunwar yini guda. A gaban limamin unguwa, a gaban surukata, a gaban kowa, ya yi wuf ya kama mai jar jelar nan da Alhaji ya fi so. Jelar ta ɗan tsaya a bakinsa tana kaɗawa kamar tana yi mana sallama, sannan ta shige.

Liman ya ce, "Inna lillahi! Saura uku."

Wani tsoho abokin Alhaji ya fashe da dariya har dabino ya sarƙe shi, yana tari yana cewa, "Kai, wannan kiwo ya yi kyau! Ku ajiye shi sai layya!" Falo ya kece da dariya. Hajiya ta ruga ta ɗauko ludayi tana kwashe ukun da suka rage zuwa cikin kwanon sha. Ni kuwa ina tsaye da zane a hannu, ina roƙon ƙasa ta tsage. Kunya ce irin wadda ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni.

Alhaji bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi duka zafi. Ya ce, "Daga ƙasa mai tsarki na fito, ba zan ɓata ladana a kanka ba. Ɗauki ɗan'uwanka ku tafi."

Haka na ratsa Zongo da tarwaɗa a bokiti, kafin in kai gida labari ya riga ni. Da safe na shiga kasuwar shanu, abokan sana'a suka miƙe tsaye suna "Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa!" Sunan ya bi ni har yau.

Bara Alhaji zai je garin Parakou biki, sai ya aiko a kira ni. Na tafi da sauri, zuciyata fari ƙal, na ce an yafe mini. Ya miƙo mini wata tukunyar furen roba da ke kan talabijin ɗinsa, ya ce, "Riƙe mini wannan. Ba ya ci, ba ya sha, kuma don Allah ba ya neman shugaba."

Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Abin da na koya dai shi ne, kafin ka kai baƙo gidan mutane, fara duba faɗin bakinsa. Ni da ma Alhaji ya daɗe da auna nawa.